Jiniya Ta Biyu

Shekara ashirin da tara ina koyar da aji biyar, goma sha bakwai daga ciki ina buga jiniya. Har suna ta ba ni. Yara ba sa faɗa a gabana, amma na san a bayan ido Malam Jiniya suke ce mini. Waɗanda suka girma suka yi gemu ma, in mun haɗu a tashar mota, sai ka ga bakinsu ya ɗauko sunan kafin kunya ta tare shi. Da wannan jiniyar na kusa raba wata yarinya da makaranta gaba ɗaya, kuma har yau ban san ko zan ce na dawo da ita ba.

Ga yadda abin ya faro. A manhajar zango na biyu akwai darasi guda a kan yaƙin da aka yi kafin a haife ni, lokacin da jirage suka riƙa zuwa suna zuba wa birane bama-bamai. Littafin ya ba shi shafi uku da hoto ɗaya, wani gida da rufinsa ya zauna a ƙasa, da wata mata tsaye a gefe riƙe da tukunya. Aka ce mu koya wa yara yadda talakawa suka rayu a lokacin, yadda ake toshe taga da baƙin ƙyalle don kada haske ya fita, yadda ake bin layin ruwa tun asuba, da yadda mutane suke kwana da takalmi a ƙafa. Shekarun farko ina karantawa yara suna gyangyaɗi. Ban ga laifinsu ba, darasin yana faɗowa ne bayan an dawo daga cin abinci, ciki ya ɗauka, fankar ajin kuwa tun zamanin wani hedimasta da ya rasu ta daina juyawa.

Wata shekara, lokacin ina da sauran kuzari da sauran gashi, na samo sautin jiniyar gargaɗi a wani kaset. Ina tsaka da karatu, ba sallama ba sanarwa, na danna rediyo na daka tsawa na ce kowa ƙarƙashin tebur. Wayyo, zo ka ga kokawa. Layin da ya riga shigewa na raba masa alawa. Daga ranar babu yaron da ya sake yi mini barci a wannan darasi. Sufeto ya zo ya gani ya rubuta yabo mai layi huɗu, wanda shi kaɗai ne yabon da na taɓa samu a aikin nan. Kaset ya mutu na koma faifai, faifai ya mutu na sa ɗana ya zuba mini a waya, na sayi 'yar lasifika mai kama da gwangwanin madara. Dokar wasan ɗaya ce, ba a faɗar ranar. Yayye suna ba ƙanne labari a gida, don haka duk yaron da ya shigo aji biyar ya san tana nan tafe, yana jiranta.

Ni kuwa na daɗe da gajiya da ita. Na gaji da ita kamar yadda na gaji da alli da jan biro da hawa benen nan mai matakala goma sha takwas, wanda gwiwata take ƙirga mini kullum ko ban tambaye ta ba. Saura shekara biyu in yi ritaya. Tsarin darasina na wannan makon ban sake rubuta shi ba tun da daɗewa, kwanan wata kawai nake gogewa in sa sabo, har takardar ta huje a wurin.

Mako uku da fara zango hedimasta ya tsaya a bakin ƙofata da wata yarinya da fayil a hannu.

"Malam, ga ƙari."

"Ranka ya daɗe, hamsin da takwas gare ni."

"To sun zama hamsin da tara. Allah ya ƙara albarka."

Ya miƙo mini fayil ɗin ya juya. Na jefa shi a aljihun tebur ƙarƙashin kwalin alli da niyyar in karanta in an tashi. An tashi sau goma sha biyar ban karanta ba.

Yarinya ce siririya, za ta kai sha ɗaya, maganarta tana da wani karin harshe da ba irin namu ba, shi ya sa yara suka laƙaba mata Baƙuwa tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Na nuna mata gurbi a jikin taga, wurin da kowa yake rububi saboda iska. Ta russuna ta ce, "Malam, don Allah ko zan zauna kusa da ƙofa?" Na ce ta zauna inda ta ga dama. Jakarta ba ta taɓa sauka daga bayanta ba, da ita take rubutu, ta ɗan karkace. Na ga wannan na ce a raina tsoron ɓarayin fensir ne, kuma tana da gaskiya. Lissafinta ya fi na kowa a ajin. Tana da ƙanwa a aji ɗaya, can ƙasa a ƙetaren fili, in an fita hutu ba ta wasa, sai ta je ta tsaya a ƙofar ajinsu har ƙaramar ta fito. Duk na ga waɗannan da idona. Rediyo kuma kullum da safe yana faɗar yaƙin da ake yi a can wata ƙasa, ni kuma kullum ina murɗa shi zuwa labarin ƙwallo, don shayina ba ya shiga da irin wannan labari.

Ranar Laraba ce. Na rubuta kan darasi a allo, na fara karanta shafin farko da muryar nan da na san tana sa barci, da gangan. Yara sun gane, ina ganin ƙafafu suna gyara tsayuwa a ƙarƙashin benci. Da na kai wajen baƙin ƙyalle na zura hannu a aljihu na danna waya.

Sautin yana farawa ne daga ƙasa kamar kukan saniya, ya hau ya hau, ya sauko, ya sake hawa. Aji ya kece da ihu da dariya. Benci ya kife, wani ya taka yatsan wani, mai ƙibar ajin ya maƙale rabi ciki rabi waje kamar yadda yayansa ya maƙale shekara uku da suka wuce. Na bar ta ta yi minti ɗaya, na kashe, na tafa hannu na ce, "To, ku fito, an gama." Na ce layi na uku ne ya ci. Layi na biyu suka ce an yi musu coge. Na tsaya na raba gardama, na raba alawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai in na tuna, sai da na gama rabon alawa kafin na lura benci na kusa da ƙofa babu kowa.

Ina tunanin ko bayi ta tafi sai na ji ana hawo bene da gudu. Malamar aji ɗaya ce, wadda yara da mu duka muke kira Anti, tana haki, alli a goshinta.

"Malam, me ka yi wa 'yar ajinka? Ta faɗo mini aji ba sallama, ta finciko ƙanwarta ta saman tebur ta saɓa a kafaɗa. Har da ce mini in janye yara daga jikin taga, kamar ita ce malamar. Kafin in buɗe baki ta fice."

"Ina ta nufa?"

"Da na sani zan hawo benen nan?"

Muka duba bayi, muka duba ɗakin ajiya, muka duba bayan ofis inda ake tara karyayyun benci. Hedimasta ya fito da tabarau a hannu, ya ji bayani, ya dube ni.

"Ka karanta fayil ɗinta?"

"Ban karanta ba," na ce.

"Malam, ai na ba ka."

"Kai ka karanta, ranka ya daɗe?"

Ya mayar da tabaraunsa. Ya aiki wata yarinya ta ɗauko fayil ɗin daga teburina.

Maigadinmu ne ya cece mu, wani dattijo mai ɗingishi wanda ba ya magana sai an matsa masa. Ya ce ta ƙofa ba su fita ba, amma mu duba kwalbatin da ke bayan katanga, wanda ya ratsa ƙarƙashin titi. Akwai inda katangar ta zube, yaro zai iya wucewa.

"Tun ranar da ta fara zuwa take leƙa shi," in ji shi. "Kullum da safe sai ta je ta kwashe sharar da ta toshe bakinsa. Na ɗauka kyanwa ta ɓoye a ciki."

Na zagaya ta ƙofa, na gangara ramin, na durƙusa a cikin laka da wandon da matata ta goge mini da safe. Bututun siminti ne, babba ba zai shiga ba sai da rarrafe, ni kuwa ko da rarrafen ba zan shiga ba. Sai da idona ya saba da duhun na gan su a can tsakiya. Ƙaramar tana kwance rub da ciki, yatsu a kunne, baki a buɗe. Babbar ta kwanta a kanta ta rufe ta ruf, ta jawo jakar ta ɗora a kan kawunansu. Motoci suna wucewa a sama, duk wadda ta wuce sai ƙura ta zubo musu.

"Fito, 'yata," na ce. "Wasa ne. Ni na buga a waya. Babu komai."

Ba ta motsa ba.

"Kin ji? Darasi ne kawai. Ga shi kowa yana aji lafiya lau."

Sai muryarta ta fito, a natse, ba kuka a ciki.

"Ba a buga ta biyu ba."

"Wace ta biyu?"

"Mai cewa sun tafi."

Na zauna a kan dugadugaina. Shekara goma sha bakwai ina buga wa yara jiniyar da ke cewa jirage sun taho, ban taɓa buga wadda ke cewa sun tafi ba. Ba ni da ita ma. Na san akwai ta, littafin ya ambace ta a rabin layi, amma ni tafi nake yi in ce ku fito, su fito. Ban taɓa haɗuwa da wanda tafina bai ishe shi ba.

Hedimasta yana tsaye a saman ramin da fayil a buɗe. Ya karanta a hankali, don ni kaɗai. Shafin farko suna da shekaru da sunan garin da suka baro, garin nan da rediyo yake faɗa kullum. Shafi na biyu wata 'yar takarda ce da aka maƙala da allura, irin allurar masu ɗinki, da rubutun hannu. Gwaggonsu ce ta rubuta. Ta ce tana roƙon malamin da za a ba shi yarinyar ya kiyaye ta da ƙara mai ƙarfi, ko buga ƙofa, kuma in za a gwada wata ƙararrawa a faɗa mata tun da wuri. Ta sa lambar wayarta ta ja layi biyu a ƙasa.

"Ka nemo ta biyun a wayarka mana," in ji shi, bayan ya kira lambar.

Na nema. Na samu sautuka wajen guda bakwai, kowanne da sunansa da harshen da ban iya ba. Ban san wanne ne wanne ba. Ni da nake malamin darasin, yatsana yana kan waya, ina tsoron in danna in sake buga mata ta farko. Na mayar da ita aljihu.

Muka yi ta lallashi. Anti ta zo ta kira ƙaramar da sunanta, ta yi mata alkawarin littafin zane. Ƙaramar ta ɗan ɗago, na ji ta ce, "Yaya, ina jin fitsari." Babbar ta ce, "Yi a nan." Aka tashi makaranta, yara suka taru a kan katanga, maigadi ya kore su da sandarsa. Gwiwata ta yi tsami har na daina jin ta. Awa biyu muka yi a haka.

Gwaggon ta iso da ƙafa, tef ɗin awo har yanzu yana rataye a wuyanta, zare a jikin rigarta. Mace ce mai jiki, za ta girme ni kaɗan. Ba ta gaishe da kowa ba, ba ta tambayi ba'asi ba. Ta gangaro ramin, na matsa mata, ta durƙusa ta sa kanta a bakin kwalbatin. Ta ja numfashi, sannan ta saki wani sauti da bakinta, dogo, miƙaƙƙe, ba hawa ba sauka. Numfashinta ya ƙare ta ja wani ta ci gaba. Wasu masu wucewa a titi suka tsaya suna kallon babbar mace a durƙushe a rami tana kuka irin na inji. A karo na uku aka ji motsi a ciki.

Ƙaramar ce ta fara fitowa, rigarta jiƙe. A damtsenta na ga rubutun yayarta da shuɗin biro, sunanta da lambar gwaggon, an rubuta da sauri amma kowane harafi ya fita. Babbar ta fito a bayanta, ta dubi sama tukuna, gabas da yamma, sannan ta dubi ƙasa. Ni ba ta dube ni ba.

Na fara ba da haƙuri. Gwaggon ta ɗaga mini hannu. Da ma ta zage ni da na fi jin daɗi.

"Wata huɗu, Malam," ta ce. "Wata huɗu na yi ina lallashinta kafin ta yarda ta shiga ginin da ke da bene."

Ta goya ƙaramar duk da girmanta, ta riƙe hannun babbar, suka tafi.

Alhamis ba su zo ba. Juma'a ba su zo ba. Mako ya zagayo, benci na kusa da ƙofa ya zama wurin ajiye tsintsiya. Na ƙarasa darasin yaƙi da karatu kawai, yara suka koma gyangyaɗinsu na da. Hedimasta ya kira ni ofis ya tuna mini doka, yaron da ya yi mako uku bai zo ba gurbinsa na wani ne, kuma akwai mutum arba'in a jerin masu jira.

"Ba mugunta ba ce," ya ce. "Kai ma ka sani."

Na sani. Na koma gida na zauna a gaban abinci ina juya cokali. Matata ta gaji da kallona.

"Baban yara, cokalin nan ba shi ya yi maka laifi ba. Kullum sai ka ce gobe za ka je. Ko sai an ba wani gurbin za ka je yi musu jaje?"

"In je in ce me?"

"Ka je ka tsaya a gabansu. Shekara talatin kana tsayar da 'ya'yan mutane a gabanka, kai ma ɗanɗana."

Ranar Asabar da hantsi na je. Shagon gwaggon ɗaki ɗaya ne a bakin wani lungu, keken ɗinki biyu, teburin yanka, da labule da ya raba shagon da inda suke kwana. Ƙaramar tana ƙasa tana jera maɓallai bisa launi. Babbar tana zaune a bakin ƙofar baya tana warware ɗinkin wani siket da reza, jakar makaranta a bayanta, ranar Asabar, a cikin gida.

Gwaggon ta amsa gaisuwata ba ta tsayar da keke ba. Sai da ta kai ƙarshen layi ta ciji zare, ta turo mini kujera da ƙafa.

"'Ya'yan ƙanena ne," ta ce. "Shi har yau ba labari. Uwar kuwa akwai labari, mun ji, Allah ya jiƙanta. Wannan da kake gani ita ta kawo ƙanwarta har iyaka, a motar wasu mutane da ba ta sani ba. Ni ban matsa mata ta koma makaranta ba, ba kuma zan matsa ba. Ga keke nan na biyu, in ta iya ba za ta kwana da yunwa ba."

"Gwaggo, yarinyar nan ta fi duk ajina lissafi."

"Ni ma na sani. Ita ke auna mini yadi." Ta gyara ƙyalle a ƙarƙashin allura. "Ga ta nan, ka tambaye ta. Ni na gaji."

Na juya kujerar. Na shirya jawabi a hanya, mai kyau, har da karin magana. Da na ga hannunta yana bin ɗinkin nan zare bayan zare, duk ya zube.

"Na yi kuskure," na ce. "An rubuto mini, ban karanta ba. Ki yafe mini."

"Ba komai, Malam."

Ta faɗe shi kamar yadda yaro yake faɗar haddar da aka ba shi. Keke yana ta kaɗawa a bayana.

"Malam," ta ce can, ba ta ɗago ba, "me ya sa kake ce musu su shiga ƙarƙashin tebur?"

"Haka littafi ya ce."

"Ba ya hana komai. A makarantarmu 'yan aji uku sun shiga. Sai dai ya sa a daɗe ba a gan ka ba."

Keken ya tsaya. Ƙaramar ta ɗauki wani jan maɓalli ta sa a layin jajaye. Na ji kunya da baƙin ciki a haɗe, kuma na ji tsufana duka a lokaci ɗaya.

"Ba zan sake bugawa ba," na ce. "Na goge ta daga wayar. Na yi miki alkawari, har in bar aikin nan ba za ki sake jin ta ba."

"Mu ma an ce mana an daina yaƙin," ta ce. "Sau biyu."

Na tambaye ta kawai ko akwai abin da zai sa ta dawo. Ta ajiye rezar ta yi tunani sosai, irin tunanin da take yi in na ba su lissafi mai wuya.

"Daga ajinka zuwa nasu taki tamanin da huɗu ne, har da bene. Ran nan na yi tuntuɓe a matakala. Ya yi nisa."

"In da kusa ne fa?"

Ta ɗaga kafaɗa ta ci gaba da warwara.

Litinin na kai wa hedimasta maganar. Na ce a sauko da aji biyar ƙasa. Ya ce ɗakunan ƙasa na ƙanana ne, ba zai tura 'yan shekara shida su riƙa hawa bene ba don mutum ɗaya, ranar da wani ya faɗo ni zan je in yi wa uwarsa bayani? Na ce to ƙaramar ta hawo ta zauna a wurina. Ya ce yarinyar da ba ta gama sanin baƙaƙe ba me za ta yi a aji biyar, ban da haka an koma gidan jiya, su biyun duka a saman bene. Duk abin da ya faɗa gaskiya ne, abin da ya ƙara gajiyar da ni ke nan.

Anti tana gefe tana jiran a sa mata hannu a wata takarda. Ta ce, "Ku ba ni ita."

Muka dube ta.

"Ta zauna a bayan ajina, kusa da ƙofa. Sunanta yana rajistar Malam, jikinta yana wurina. Shi ya riƙa sauko mata da aiki. Ai ƙafarsa ce ta jawo, ita za ta biya."

"Hannuna ne ya jawo," na ce.

"To hannun ya riƙe ƙarfen bene."

"In sufeto ya zo fa?" in ji hedimasta.

"Sai mu ce abinci ne ya karɓe ta," in ji Anti.

Hedimasta ya cire tabarau ya murza ido ya daɗe. Ya ce shi bai ji ba bai gani ba, kuma kada wanda ya rubuta wannan a ko'ina.

Saura kwana biyu wa'adin ya cika suka dawo. Gwaggon ta rako su har ƙofar aji ɗaya, ta tsaya ta ga inda aka sa kujerar, ta gwada ƙofar ta ga tana buɗewa ba ta cijewa, sannan ta koma shagonta. Yanzu wata na uku ke nan. Yarinyar tana zaune a bayan 'yan shekara shida a kan kujerar da ba ta kai mata ko'ina ba, gwiwoyinta sun tokare teburin, suna rera baƙaƙe da ƙarfi ita kuma tana raba manyan lambobi a cikin hayaniyar. Abin da nake koyarwa a allo ba ta jin sa, sai abin da na iya rubuta mata a takarda. Na san ana cutar ta, na san kuma wa ya cuce ta. Na yi mata maganar hawowa sau ɗaya, ta ce, "To, Malam," washegari na same ta a inda take.

Kullum sau biyu nake sauka, da safe in kai aiki, kafin a tashi in karɓo. Wayata tana zama a ofis a aljihun teburin hedimasta daga safe har a tashi. Ita ba ta san da haka ba, ko ta sani bai ishe ta ba. In na tsaya a bakin ƙofa tana miƙewa da ladabi, ta gaishe ni, ta karɓi takardar da hannu biyu ta ce ta gode. Ba ta taɓa yi mini rashin kunya ba ko sau ɗaya. Amma kafin ta dubi fuskata, hannuwana take fara dubawa, ta ga ko suna waje.